Ma'anar ɗakin tsira, da inda ake fakewa daga guguwar tonado a gidan da ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa

Ɗakin tsira, a harshen hukumomin agajin gaggawa na Amurka, ƙaramin ɗaki ne da aka gina da kankare da rodi ko da ƙarfe mai kauri, aka kafe shi a jikin harsashin gida, domin ya tsaya da ƙafafunsa ko da guguwar tonado ta share sauran ginin gaba ɗaya. Ba dole ba ne ya kasance a cikin rami, kuma wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a gane game da shi, saboda mutane da yawa, har a cikin Amurkawan kansu, sun taso da imanin cewa duk wanda guguwa ta riska a bisa doron ƙasa ya gama yawo. Akwai kuma wani abu na biyu da ake yawan haɗa shi da ɗakin tsira alhali ba ɗaya ba ne, wato ƙuryar gida mafi aminci, wadda kowane mai gida yake iya zaɓa cikin ɗakunan da yake da su ba tare da ya kashe ko sisi ba. Wanda ya sauka a Dalas ko Oklahoma domin karatu ko aiki zai ji ana ambaton duka biyun tun daga watan Maris, kuma yana da kyau ya san bambancinsu kafin ranar da jiniya za ta yi kuka.

Ita tonado iska ce mai juyawa wadda take saukowa daga gindin hadari har ta taɓa ƙasa. Ta bambanta da 'yar guguwar rani da take tashi da ƙura da ledoji a fili da tsakar rana, ta kuma bambanta da iskar farkon damina da take yaye kwanon rufi a garuruwanmu, domin ita iskar damina tana bugowa ne daga ɓangare guda. Amurka ta fi kowace ƙasa yawan samunta, sama da 1,000 a shekara, saboda iska mai ɗumi da laima daga Tekun Meziko tana haɗuwa da busasshiyar iska daga tsaunukan yamma da kuma mai sanyi daga Kanada a kan shimfiɗaɗɗen filin tsakiyar ƙasar. Ta fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni, ko da yake wadda ta ragargaza garin Mayfield na jihar Kentaki ta zo ne a daren 10 ga Disamba 2021. Ana auna ƙarfinta da ma'aunin da Ted Fujita na Jami'ar Shikago ya fitar a 1971, wanda aka sabunta a 2007, daga EF0 mai gudun kilomita 105 zuwa sama a awa, har EF5 wadda ta haura kilomita 320. Mafi yawansu ƙanana ne, EF0 da EF1, kuma manyan biyun ƙarshe, EF4 da EF5, ba su da yawa sam, amma su ne suke ɗauke rayuka mafi yawa.

Abin mamaki shi ne yankin da ya fi shan wannan bala'i shi ne ya fi ƙarancin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kuma dalilin ba sakaci ba ne. A jihohin arewa, inda ƙasa take daskarewa da zurfi a lokacin hunturu, dole magini ya haƙa harsashi har ya wuce inda ƙanƙara take kaiwa, don haka mayar da ramin ya zama ɗaki ba ya ƙara wani kuɗi mai yawa. A Oklahoma da Teksas sanyi ba ya shiga ƙasa sosai, sai a zuba dandamalin kankare kawai a ɗora gida a kai. Ga shi kuma jan yumɓun Oklahoma yana kumbura idan ya sha ruwa, ya tsuke idan ya bushe, yana tsattsaga bango a hankali. A wasu sassan Teksas dutse ne ke kusa, a Luwiziyana da kudancin Misisipi kuwa ruwa ne ke kusa, ana fara haƙa rami zai cika. Saboda haka miliyoyin iyalai suke zaune a gidajen katako masu hawa ɗaya a daidai hanyar guguwa.

Tunanin ɗakin tsira ya samo asali ne daga lura da abin da ya rage bayan ɓarna. Bayan guguwar da ta faɗa wa birnin Lubbock na jihar Teksas a ranar 11 ga Mayu 1970 ta kashe mutum 26, injiniyoyin Jami'ar Teksas Tech da ke birnin suka duƙufa ga nazarin yadda iska take rushe gini. Abin da suka riƙa gani a unguwannin da aka share shi ne, sau da yawa rufi ya tafi, bangon waje ya kwanta, amma wani ɗan banɗaki ko ɗan ɗakin ajiye tufafi da ke tsakiyar gidan yana nan tsaye. Daga nan ne Ernst Kiesling, malami a jami'ar, ya kawo shawara a 1974 cewa idan ƙaramin ɗakin da ba a yi masa wani tanadi ba yana iya tsira haka, to a ƙarfafa shi da gangan. Binciken ya kuma tabbatar da cewa abin da ya fi kashe mutane ba ɗauke su sama ba ne kamar yadda ake zato, a'a, tarkacen da iska take jifa da su ne: guntayen katako, fasasshen gilashi, bulo, ƙarafan shinge, da bango ko rufin da ya rufto.

Shi ya sa gwajin da ake yi wa ɗakin tsira gwajin jifa ne. Ana saka katako mai nauyin kusan kilo 7 a cikin wata bindigar iska, a harba shi da gudun kilomita 160 a awa zuwa jikin bangon ko ƙofar da ake gwadawa. Katakon yana ratsa bangon gida na yau da kullum, har ma da bulon da ba a cika cikinsa ba, amma idan aka cika ramukan bulon da kankare aka zura rodi, sai katakon ne ya farfashe. Hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ta fara fitar da jagorar gina irin wannan ɗaki a 1998, kuma ƙa'idar da ake bi a tsakiyar ƙasar ita ce ya jure iskar da ta kai kilomita 400 a awa. Dole rufinsa ya zama nasa na kansa, ba haɗe da rufin gidan ba, don kada gidan ya tafi da shi. Dole a ɗaure shi da ƙusoshin ƙarfe a cikin dandamalin kankare. Ƙofarsa kuma, wadda ita ce wurin da ya fi rauni, ta ƙarfe ce da aka gwada tare da sakatunta, yawanci guda uku. Ƙofar ƙarfe ta kasuwa, komai kyanta, ba ta mayar da ɗaki ya zama ɗakin tsira. A ranakun da babu hadari ana amfani da shi a matsayin banɗaki ko ma'ajiya, kuma a ganina wannan ne ya sa ya fi ramin bayan gida amfani ga tsoho mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu, waɗanda ba za su iya sauka tsani cikin duhu da ruwan sama ba.

To amma mafi yawan mutane, musamman 'yan haya, ba su da wannan ɗaki, kuma a nan ne maganar ƙuryar gida take shigowa. Ƙa'idarta guda ce: a sauka hawa mafi ƙasa, a nemi ƙaramin wuri marar taga a tsakiyar gida, yadda bango zai yi yawa tsakanin mutum da waje. Ƙanƙantar ɗaki alheri ce, domin bangayen da suke kusa da juna suna tallafar juna, yayin da falo mai faɗi, ko zauren wasanni, ko babban kanti, rufinsa ba shi da madogara a tsakiya, shi ne yake fara ruftawa. Banɗakin tsakiya, ɗakin tufafi, ƙarƙashin matakalar bene, ko lungun da ya ratsa tsakanin ɗakuna idan an rufe dukkan ƙofofinsa, su ne wuraren da ake nufi. Banɗakin da yake jingine da bangon waje ko yake da taga ya fita daga lissafi, duk da sunan da banɗaki ya yi.

Shiga ɗakin kaɗai bai wadatar ba, sai an duba yadda aka zauna a ciki. Ana durƙusawa ne a duƙar da kai ƙasa, a rufe ƙeya da hannuwa, a jawo katifa ko barguna masu kauri a lulluɓa. Idan akwai kwamin wanka, yara su shiga ciki, babba ya rufa musu da katifar ƙaramin gado, domin katifar babban gado ba ta shiga ƙofar banɗaki cikin gaggawa. Bayan guguwowin 27 ga Afrilu 2011, waɗanda suka kashe fiye da mutum 200 a jihar Alabama kaɗai, masu bincike na Jami'ar Alabama da ke Birmingham suka yi kira da a riƙa sa hular kwano, ko ta keke ce ko ta babur, ganin yadda raunin kai ya yi yawa a cikin mamatan. Sharaɗin shi ne hular ta kasance tana ajiye a wurin tun tuni, ba a tsaya nemanta ba bayan an yi gargaɗi. Haka nan takalmi mai tauri, saboda wanda ya fito daga ɓaraguzai zai taka ƙusa da gilashi, sai tocila, da waya mai caji, da usur na kiran masu ceto. Jariri an fi so a ɗaure shi a kujerarsa ta mota a shiga da shi.

Akwai tsofaffin shawarwari da har yanzu suke yawo a bakin mutane, waɗanda masana suka daɗe da watsar da su. An ce a buɗe tagogi don iskar ciki da ta waje su daidaita kada gida ya fashe, alhali ba bambancin matsin iska ne yake rushe gida ba, kuma mai buɗe taga ya ɓata lokacinsa ne a wurin da ya fi ko'ina haɗari. An ce kusurwar kudu maso yamma ta fi aminci, wannan ma ba shi da tushe. Mafi muni shi ne fakewa a ƙarƙashin gadar sama, inda iska take matsewa ta ƙara ƙarfi, kuma a ranar 3 ga Mayu 1999 an rasa rayuka a irin waɗannan wurare a Oklahoma.

Gidan tafi-da-gidanka, wanda ake ƙerawa a masana'anta a jawo shi da mota a girke, shi ne wurin da wannan ƙa'ida ta ƙurya ba ta aiki ko kaɗan. Ba shi da ƙuryar da za ta tsare kowa, domin iska tana iya mirgina shi dukansa, ko da an ɗaure shi. Irin waɗannan gidaje ba su kai kashi 10 cikin 100 na gidajen Amurka ba, amma kusan rabin waɗanda guguwa take kashewa a cikin gida a cikinsu suke mutuwa, musamman a jihohin kudu maso gabas inda take yawan zuwa da dare. Mazauninsa barinsa zai yi tun da wuri, ya tafi gidan ɗan'uwa mai harsashi ko mafakar jama'a. Wanda yake hawa na uku a gidan haya kuwa, ya kamata ya san maƙwabcinsa na ƙasa tun kafin kakar ta kama, ko ya tambayi mai kula da ginin inda aka tanada, kuma ya sauka ta matakala, don wutar lantarki tana iya ɗaukewa yana cikin na'urar hawa bene.

Duk wannan yana rataye ne a kan lokaci, kuma hukumar yanayi tana da sanarwa iri biyu da bai kamata a gauraya su ba. Ta farko, ta zama cikin shiri, tana fitowa daga cibiyar hasashen hadari da ke Norman a Oklahoma, tana shafar yanki mai faɗi na tsawon sa'o'i, ma'anarta yanayi ya dace da haihuwar guguwa. Ta biyu, gargaɗi, ofishin yanki ne yake fitar da ita idan an ga guguwar da ido ko na'urar rada ta nuna hadari yana juyawa, kuma abin da yake tsakaninta da isowar iskar sau da yawa bai wuce minti 10 zuwa 15 ba. A lokacin ta farko ake barin gidan tafi-da-gidanka, a kwashe tarkacen da ya cika ɗakin tufafi. A lokacin ta biyu shiga kawai ake yi. Jiniyar gari an yi ta ne domin waɗanda suke waje, ba lallai ta tashi mai barci ba, shi ya sa ake son a bar saƙon gaggawa na waya a kunne, a kuma ajiye rediyon yanayi mai ƙara da kansa.

Ba za a ɓoye cewa ƙuryar gida tana da iyaka ba. A Joplin ta jihar Mizuri a ranar 22 ga Mayu 2011, inda mutum 158 suka mutu, da kuma Moore ta jihar Oklahoma a ranar 20 ga Mayu 2013, inda 24 suka mutu, akwai gidajen da ba a bar komai a kansu ba sai dandamali. Sai dai ko a cikin guguwar EF5, ƙaramin sashe ne na hanyarta yake samun wannan ƙarfi, kuma akasarin waɗanda suka fake a tsakiyar gidajensu sun fito da rai. Furucin cewa babu mai tsira sai wanda yake ƙarƙashin ƙasa yana da nasa haɗarin, kamar yadda aka gani kwana 11 bayan Moore, lokacin da guguwar El Reno mai faɗin sama da kilomita 4 ta nufo birnin Oklahoma: dubban mutane suka fito da motoci don gudu, manyan hanyoyi suka cushe, kuma mutum 8 da guguwar ta kashe duk a cikin mota suke, yayin da ambaliya ta tafi da wasu da suka fake a magudanar ruwa. Da guguwar ba ta ɗaga ba kafin ta isa wannan cunkoso, da asarar ta wuce misali.

Tun daga nan birnin Moore ya tsaurara dokar gini a 2014, ya wajabta gidaje su jure iskar kusan kilomita 217 a awa, da ƙarfafa ƙofar gareji, wadda idan ta ɓalle iska take shiga ta ɗaga rufi daga ciki. Jihar Oklahoma kuma tana da shirin mayar wa masu gida wani kaso na kuɗin da suka kashe wajen gina ɗakin tsira, ana zaɓen masu amfana ta hanyar ƙuri'a, kuma garuruwa da dama suna buƙatar mai ɗakin ya yi rajistar inda yake, domin 'yan kwana-kwana su san wurin da za su haƙa idan ɓaraguzai suka danne ƙofar.