Aikin jami'an gandu na wucin gadi a Gandun Acadia

Jami'in gandu na wucin gadi, wanda Amurkawa ke kira renja, ma'aikaci ne da Hukumar Kula da Gandayen Ƙasa ta Amurka ke ɗauka na 'yan watanni a shekara, galibi daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin da baƙi suka fi yawa. A Gandun Ƙasa na Acadia, wanda ke bakin Tekun Atlantika a jihar Maine, can arewa maso gabashin ƙasar, irin waɗannan ma'aikata sukan fi na dindindin yawa a tsakiyar shekara. Su ke karɓar kuɗin shiga, su ke yi wa mutane jagora, su ke kula da sansanonin kwana, su ke ɗauko wanda ya karye a kan dutse. Sanyi na kamawa sai a sallame su. Aikin ya yi kama da cin rani, sai dai a can da zafi ake fita nema, a koma gida da hunturu.

Gandun

Acadia ba dunƙulallen fili ba ne. Faɗinsa ya kai kimanin eka 49,000, wato kusan murabba'in kilomita 200, amma a warwatse yake: mafi yawansa a tsibirin Mount Desert, sauran a zirin Schoodic, da tsibirin Isle au Haut, da wasu ƙananan tsibirai. Garuruwa irin su Bar Harbor da Southwest Harbor suna nan cuɗe da shi, har mutum kan fita daga gandun ya koma bai sani ba. Dutsen Cadillac, mai tsayin mita 466, shi ne mafi tsawo a gaɓar Atlantika ta Amurka. A 2021 an ƙidaya ziyara sama da miliyan 4, kuma mafi yawansu tsakanin Yuni da Oktoba suka faɗo. Wannan cunkoso na wata biyar shi ne tushen aikin wucin gadi.

Asalin aikin a Amurka

Kafin a sami renja, soja ne ke tsaron gandaye. Dakarun dawakai sun riƙe Yellowstone daga 1886 zuwa 1918, kuma a Yosemite da Sequoia na jihar California har da rundunonin sojoji baƙar fata suka yi sintiri a 1899 da 1903 da 1904. A gandayen California da bazara sojojin ke zuwa, su tashi kafin ƙanƙara ta rufe hanya, don haka ana iya cewa tsaron gandu ya fara ne a matsayin aikin lokaci guda tun kafin ya zama na shekara. Hular nan mai faffaɗan baki da jami'an ke sanyawa har yau daga kayan sojan wancan zamani aka gaje ta. Wasu marubuta kan kai tarihin baya zuwa ga Harry Yount, wanda aka ɗauka mai gadin namun daji a Yellowstone a 1880, su kira shi renja na farko.

An kafa Hukumar a ranar 25 ga Agusta, 1916, Stephen Mather ya zama shugabanta na farko. Kuɗi bai isa a riƙe ma'aikata da yawa duk shekara ba, sai aka dogara da ɗalibai da malaman makaranta masu dogon hutun bazara. A 1918, yayin da maza suka tafi yaƙin duniya na farko, an ɗauki wata malamar makaranta, Clare Marie Hodges, aikin renja na bazara a Yosemite, kuma ita ake yawan ambata a matsayin mace ta farko a wannan aiki. A 1920 Harold Bryant da Loye Miller suka fara zagayawa da baƙi a Yosemite suna yi musu bayanin tsuntsaye da itatuwa. Daga nan reshen bayani ya samo asali.

Yadda Acadia ya kafu

Ƙasar ta mutanen Wabanaki ce tun dubban shekaru, kuma ƙabilunsu huɗu, Penobscot da Passamaquoddy da Maliseet da Mi'kmaq, suna Maine har gobe. Bafaranshe Samuel de Champlain ne ya raɗa wa tsibirin Mount Desert suna a 1604, saboda ƙoƙuwan duwatsunsa da ya hango babu itace.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 tsibirin ya zama wurin hutun attajiran Boston da New York, waɗanda suka gina manyan gidaje a bakin ruwa. Cikinsu ne wasu suka tsorata da yadda masu yankan katako da masu sayen filaye ke cinye dajin. A 1901 Charles W. Eliot, shugaban Jami'ar Harvard, da George B. Dorr da wasu suka kafa ƙungiyar amintattu don tara filaye, wasu kyauta wasu saye. Da suka tara kimanin eka 5,000 sai Dorr ya yi ta safa da marwa zuwa Washington har gwamnati ta karɓa. Ranar 8 ga Yuli, 1916, Shugaba Woodrow Wilson ya ayyana wurin da sunan Sieur de Monts. A Fabrairun 1919 ya zama Gandun Ƙasa na Lafayette, na farko a gabashin kogin Misisipi, sannan a 1929 aka sauya masa suna zuwa Acadia, aka haɗa masa Schoodic.

Dorr ne shugaban gandun na farko, kuma an ce da farko dala ɗaya ake biyansa a wata. Ya ƙarar da dukiyar da ya gada wajen sayen filaye, ya rasu a 1944 idanunsa sun tafi, aljihunsa babu komai. John D. Rockefeller ƙarami kuwa ya ba da fiye da eka 10,000, ya kuma shimfiɗa hanyoyin keken doki tsakanin 1913 da 1940, da gadoji na sassaƙaƙƙen dutse. Kimanin kilomita 72 na waɗannan hanyoyi suna cikin gandun, kuma har yau mota ba ta hawansu. A shekarun 1930 matasan da gwamnatin Roosevelt ta ɗauka aiki lokacin karayar tattalin arziki sun gyara hanyoyin ƙafa, suka yi aikin sansanonin kwana. A farkon shekarun ne kuma Arthur Stupka ya fara shirye-shiryen bayanin halittu a Acadia, kafin ya koma gandun Great Smoky Mountains a 1935.

Gobarar 1947 ta sauya fuskar tsibirin, ta kuma taɓa tsawon lokacin aiki ta hanyar da ba wanda ya zata. Ta tashi ranar 17 ga Oktoba bayan dogon fari, iska mai ƙarfi ta rura ta ranar 23, ba a tabbatar ta mutu ba sai tsakiyar Nuwamba. Ta ci sama da eka 17,000, fiye da 10,000 a cikin gandun, ta ƙone otal biyar da gidajen attajirai sama da 60. Inda a da itatuwa masu kore duk shekara suke, sai masu zubar da ganye suka tsiro. Su ne ke rikiɗa ja da rawaya da kaka, kuma kallonsu na cikin abin da ke cika gandun da mutane har tsakiyar Oktoba.

Ɗauka da sharuɗɗa

Ana tallata guraben ne a shafin ɗaukar ma'aikata na gwamnatin tarayya, USAJOBS, yawanci da kaka ko farkon hunturu, wata da watanni kafin a fara aiki. Sai ɗan ƙasar Amurka ake ɗauka. Mafi yawan gurabe suna ƙananan matakan albashi ne, daga GS-4 zuwa GS-7, kuma a 2024 mai fara mataki na 5 bai kai dala 20 a awa ba.

Lambar da kowane ma'aikacin wucin gadi ya haddace ita ce 1039. Ƙa'ida ta hana a yi masa fiye da awa 1,039 na aiki a shekara, wato awa ɗaya ƙasa da rabin shekarar aiki. Muddin bai ƙetare wannan ba, ana iya sake kiransa baɗi ba tare da ya sake takara da kowa ba. Shi ya sa shugabannin sassa ke ƙirga awoyi kamar mai ƙirga kuɗin adashi, kuma akan sallami mutum ana tsaka da buƙatarsa. Babu fansho a wannan matsayi. Inshorar lafiya ta samu ga da yawansu tun 2015, kuma wata doka ta 2015 ɗin ta ba wanda ya tara wata 24 na irin wannan aiki damar neman gurbin dindindin tare da ma'aikatan cikin gida. Duk da haka akwai masu shafe shekara goma suna zagaye, bazara a Maine, hunturu a wani gandu na kudu kamar Everglades. Su da kansu suna da barkwanci cewa da kallon faɗuwar rana ake biyansu.

Rassan aiki

Masu bayani su ne baƙi suka fi gani, cikin riga ruwan toka da koren wando. Suna tsayawa a cibiyar baƙi ta Hulls Cove, suna jagorantar tafiya a ƙafa, suna jawabi da dare a sansanonin Blackwoods da Seawall, wasu kuma suna bin jiragen ruwa zuwa ƙananan tsibirai suna bayani. Yara kan cika ɗan littafin tambayoyi, jami'i ya duba, ya sa su ɗaga hannu su yi alkawarin kare gandu, ya maƙala musu bajo.

Masu tsaro suna riƙe bindiga, suna da ikon kamawa, kuma sai sun yi horo na musamman na ɗaruruwan awoyi kafin a ɗauke su. Yawancin ranarsu tana tafiya ne a kan motocin da aka ajiye ba daidai ba, da haɗurran keke, da neman waɗanda suka ɓata.

Akwai masu karɓar kuɗin shiga, da masu duba takardar izinin hawa Dutsen Cadillac da mota, wadda aka wajabta tun 2021 daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba. Masu wannan aiki tun da asuba suke fitowa, don mutane na rububin ganin fitowar rana daga ƙoƙuwar dutsen. Masu gyaran hanyoyi ba renja ake kiransu ba a takarda, amma baƙo bai san bambanci ba.

Teku da jadawalinta

Abin da ya raba Acadia da gandayen cikin ƙasa shi ne cika da janyewar teku. Sau biyu a yini ruwa ke hawa ya sauka da kimanin mita uku ko fiye, kuma lokacin yana matsawa gaba kusan minti 50 kowace rana. Jami'i kan duba jadawalin ruwa kafin ya duba na aiki.

Misali mafi shahara shi ne tsibirin Bar, daura da garin Bar Harbor. Idan ruwa ya janye, wata hanyar tsakuwa takan bayyana, a taka da ƙafa a haye. Awa uku kawai take a buɗe, ɗaya da rabi kafin ƙarshen janyewa, ɗaya da rabi bayansa. Wanda ya shagala a tsibirin zai dawo ya tarar da teku a inda ya bi ɗazu, sai ya jira kusan awa tara ko ya biya a zo da kwalekwale. Akwai allon gargaɗi, amma kowace shekara sai an samu, har da masu shiga da mota ruwa ya cim mata.

A Thunder Hole akwai wani tsagi a jikin dutse wanda igiyar ruwa ke shiga ta matse iska, ta fashe da ƙara kamar tsawa, feshin ya tashi har mita 12 a ranar da teku ke fushi. Nan jami'i ke tsayawa da oba-oba a kafaɗa, yana rufe matakalar ƙasa idan igiya ta yi girma, yana roƙon masu ɗaukar hoto su ja baya. A Agustan 2009, lokacin da guguwar Bill ke wucewa can nesa a teku, igiya ta share mutane daga kan duwatsu kusa da wurin, wata yarinya 'yar shekara bakwai ta rasu. Ruwan kansa sanyi ne da shi: a bakin ruwan Sand Beach da wuya ya wuce digiri 13 na ma'aunin Celsius ko a tsakiyar bazara, kuma wanda ya faɗa ciki ƙarfinsa kan ƙare cikin ɗan lokaci.

Janyewar ruwan kuma ita ce ajin masu bayani. A Ship Harbor da Wonderland ruwa kan bar ƙananan kududdufai a tsakanin duwatsu, cike da ƙaguwa da dodon koɗi da ciyawar teku. Jami'i kan durƙusa ya nuna wa yara yadda ake jiƙa hannu kafin a taɓa halitta, da yadda ake mayar da dutse daidai yadda aka same shi. Duwatsun santsi gare su, kuma zamewa a kansu na cikin raunukan da aka fi samu.

Shaho da hanyar Precipice

Wani shaho mai tsananin gudu, wanda ake kira peregrine, ya ɓace daga yankin a tsakiyar ƙarni na 20 saboda maganin ƙwari na DDT. An sake sakin 'ya'yansa a gandun daga 1984, kuma a 1991 aka sami ma'aurata suka yi sheƙa suka ƙyanƙyashe. Tun daga nan akan rufe hanyar Precipice, mai matakalan ƙarfe a jikin tsaunin Champlain, daga wajen Maris har zuwa ƙarshen bazara idan tsuntsayen na kan sheƙa. Jami'ai kan kafa madubin hangen nesa a ƙasa, su nuna wa wanda ya zo hawa abin da ya sa aka hana shi. Idan an buɗe ta kuwa, tana cikin hanyoyin da suka fi haɗari, kuma sauko da wanda ya ji rauni daga irin wannan wuri kan ci mutum goma ko fiye da awoyi masu yawa, wani lokaci sai da jirgi mai saukar ungulu.

Lafiya

Kaska mai ɗauke da cutar Lyme ta yi yawa a Maine. Ƙananan ƙudaje masu cizo kan addabi ma'aikata a Mayu da Yuni.

Matsalar masauki

A 'yan shekarun nan gandun ya kasa cike guraben wucin gadi da yake da kuɗinsu. Babban dalili shi ne wurin kwana: masu gidaje a tsibirin sun fi son ba 'yan yawon buɗe ido haya ta mako, kuma ɗakunan gandun ba su isa ba. Akan yi wa mutum tayin aiki ya karɓa, ya nemi ɗaki ya rasa, ya janye. Ƙungiyar Friends of Acadia, wadda aka kafa a 1986, ta sayi wani tsohon masaukin baƙi a Southwest Harbor a 2023 don ma'aikatan bazara, tana kuma taimakawa wajen gina wasu ɗakuna.

A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da ɗaukar ma'aikata, aka janye tayin da aka riga aka yi wa masu aikin bazara, aka kuma sallami kimanin ma'aikatan Hukumar 1,000 a Fabrairu. Daga baya aka amince a ɗauki na wucin gadi har 7,700 a faɗin ƙasar. Gwamnati ta ce rage kashe kuɗi ne, ƙungiyoyin kare gandaye suka ce jinkirin ya bar wurare da ƙarancin hannu.

Ƙarshen lokaci

Sansanonin kwana sukan rufe a Oktoba, motocin bas na kyauta na Island Explorer, masu zirga-zirga tun 1999, su ma su tsaya. Ma'aikatan wucin gadi su mayar da oba-oba da makullai. Mafi yawan babban titin zagaye mai kilomita 43 akan rufe shi daga farkon Disamba zuwa tsakiyar Afrilu.