Waiwaye: Yadda na'urar auna zafi ta shiga cikin kankare

Tambayar da ta fi damun injiniya bayan an zuba dekin ita ce yaushe za a kwance katako a cire tokara. A da kwanaki ake ƙirgawa, ko a jira sakamakon samfurin kankaren da aka kai ɗakin gwaji. Sai dai samfurin yana can a tankin ruwan da ɗuminsa ba ya canzawa, shi kuwa dekin yana shan sanyin dare da ranar tsaka. Ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba.

Tun a 1949 da 1951 wasu masu bincike biyu a Ingila, Nurse da Saul, suka nuna cewa ƙarfin kankare yana bin zafi da lokaci ne a haɗe. Lissafin ba wuya: a ninka zafin kankaren da sa'o'in da ya yi a wannan zafin, a tara. In daga digiri sifiri aka fara ƙirga, kankaren da ya yi awa 24 a digiri 30 ya tara 720. Wanda ke digiri 10 sai ya yi awa 72 kafin ya kamo shi. Magina ba su ɗauki abin da muhimmanci ba sai da aka yi asarar rayuka a Amurka. A 1973 benen Skyline Plaza da ake ginawa a jihar Bajiniya ya rufta, mutum 14 suka mutu, domin an cire tokara kankare bai nuna ba. A watan Afrilun 1978 kuma, a Willow Island da ke jihar Bajiniya ta Yamma, dandamalin ma'aikata da aka jingina da kankaren da aka zuba jiya-jiya cikin sanyi ya zube, mutum 51 suka mutu. A 1987 aka fitar da ƙa'idar gwaji ta Amurka mai suna ASTM C1074 da ta tsara wannan awo.

Don auna zafin, da farko waya ake binnewa cikin kankaren a jona ta da akwatin ɗaukar bayani, kuma sau da yawa lebura ko baro kan tsinke ta. Yau 'yar na'ura ce mai batir, a ɗaure ta a jikin rodi kafin zubi, ta riƙa aika zafin zuwa wayar hannu ta Bluetooth. In aka nutsa da ita da yawa saƙon ba ya fita, shi ya sa ake barin kanta kusa da sama, a tura bakin awon ciki.

Abin da masu tallarta ba su cika faɗa ba shi ne, na'urar zafi kawai take aunawa, ƙarfin kuwa ƙiyasi ne. Dole a fara zuba samfuri aƙalla 15 daga ainihin haɗin da za a yi aiki da shi, a sa na'ura cikin biyu, a fasa sauran a kwana 1, 3, 7, 14 da 28, a fitar da jadawalin da ke nuna ƙarfin da ya yi daidai da kowane lissafi. Da zarar an canza siminti, ko wani ya ƙara bokitin ruwa don kwaɓin ya yi laushi, jadawalin ya tashi aiki, alhali wayar tana ci gaba da nuna lamba mai daɗin gani. Haka in ba a ba dekin ruwa ba ya bushe: lissafin yana hawa, siminti ya daina kamawa.

A wurare masu zafi irin Sakkwato ko Maiduguri akwai ƙarin tarko. Kankaren da ya sha zafi a kwanakin farko yakan yi saurin ƙarfi, amma ƙarfinsa na ƙarshe ya gaza na wanda ya nuna a hankali, kuma lissafin Nurse da Saul bai hango wannan ba. Don haka a kafa na'urar a gefe da kusurwa inda kankare ke jinkirin nuna, kuma a fasa samfurin da aka ɗiba a wurin aiki kafin a taɓa tokara.