Faɗan karnuka: daga ina ya samo asali, kuma yaya ake yinsa a da?

Wai tun yaushe mutane suka fara haɗa karnuka faɗa?

Gaskiya abin ya daɗe. Rumawa suna sakin manyan karnuka a filayen wasanninsu su kara da namun daji jama'a na kallo, kuma karnukan Birtaniya sun yi suna a wajensu sosai har ana kai musu su Rum. Amma wannan da aka sani yau, na kare da kare a cikin shinge ana zuba kuɗi, a Ingila ya girma.

Toh su mutanen Ingilan da me suka fara?

Da bijimi suka fara, da kuma wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata da ake kira beyar. Za a ɗaure bijimi a turke a tsakiyar gari a sakar masa kare, shi karen aikinsa ya lallaɓa ƙasa-ƙasa ya cafki hancin bijimin ya ƙi saki, ko da an ɗaga shi sama da ƙaho an maka da ƙasa. Karen da ake kira bulldog dan wannan aikin aka yi ta kiwonsa. Kuma ba wai wasan 'yan tasha ba ne fa, Sarauniya Elizabeth ta ɗaya kanta tana zuwa kallon na beyar, akwai gidajen wasan a unguwar Southwark a Landan. Abin da ya fi ɗaure min kai shine wasu garuruwan har tara suke cin mahauci in ya yanka bijimi ba a sakar masa karnuka ba, wai hakan na sa naman ya yi laushi.

Ya aka yi abin ya koma kare da kare?

A 1835 majalisar Birtaniya ta yi dokar hana zaluntar dabbobi, ta haramta wasan bijimi da na beyar da faɗan karnukan ma gaba ɗaya. Toh bijimi dai ba ya ɓoyuwa, amma karnuka biyu ko a ɗakin ƙasa na gidan giya sai a haɗa su ba wanda ya sani, sai masu cacar suka karkata can. Dama sun fara haɗa jinin bulldog da na wani ƙaramin karen farauta da ake kira terrier dan a samu kare mai riƙo kuma mai zafin nama, daga nan aka samu irin su pit bull, sannan masu ƙaura daga Ingila da Ailan suka tafi da su Amurka.

Akwai ƙa'idoji ne ko sakinsu kawai ake yi?

Akwai mana, har a rubuce. Ana auna karnukan a sikeli dan nauyinsu ya zo ɗaya, sai a wanke su kafin a shiga saboda wasu na shafa wa karensu guba ko abu mai ɗaci a jiki yadda abokin faɗan ba zai iya riƙe cizo ba, kai a Ingila har mutum ake biya ya lashi jikin karen da harshensa dan a tabbatar ba a yi maguɗi ba. Filin da katako ake kewaye shi, a ja layi a gaban kowace kusurwa. In kare ya juya kai daga faɗa sai alkali ya sa a raba su, kowa ya koma kusurwarsa, a saki wanda ya juya ɗin, in ya tsallake layi ya sake afkawa a ci gaba, in ya tsaya an cinye shi kenan. Faɗa ɗaya kan wuce awa guda.

Ni dai in na duba ƙa'idojin nan ban ga ko ɗaya da aka yi dan tausayin kare ba, duk kuɗin masu caca ake karewa. Karen da ya karye ƙafa yana jan jiki ya tsallake layi shi ake yabo, wanda ya ji tsoro kuwa sau da yawa mai shi ne ke kashe shi da hannunsa dan wai ya kunyata shi.

Sauran ƙasashe fa?

A Japan akwai wani mai mulki a ƙarni na 14, Hojo Takatoki, da ya shahara da son abin. Yankin Tosa, wato Kochi ta yanzu, su ma suna da karensu kuma sun tsara abin irin kokawar sumo, zakara har ado ake masa a ba shi muƙamin yokozuna, wato muƙami mafi girma a sumo, kuma karen da ya yi kuka ko haushi ya faɗi. A Afganistan kuwa lokacin sanyi ake yi, galibi ranar Juma'a, kuma ana tsayarwa da zarar ɗaya ya sallama. Taliban sun hana a mulkinsu na farko, bayan 2001 ya dawo.

Addini ya ce wani abu a kai?

Eh. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya hana zuga dabbobi su yi faɗa da juna, kuma malamai sun sa karon raguna da faɗan zakaru duk a ciki, balle kuma an haɗa da caca. Masu kai ragon layya filin karo kafin sallah ya kamata su ji wannan.

Yanzu an daina kenan?

Ina fa, ɓoyewa dai aka yi. A Amurka tun 1866 Henry Bergh ya kafa ƙungiyar kare dabbobi a New York suka riƙa kai samame gidajen faɗan, amma sai a 2008 ne ya zama babban laifi a duk jihohi 50. Shekara ɗaya kafin nan aka kama Michael Vick, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Atlanta Falcons, da gidan faɗan karnuka a jihar Virginia, kotu ta ɗaure shi wata 23. Karnuka wajen 50 aka kwaso daga gidan, mutane da yawa sun ɗauka sai dai a kashe su, amma aka yi ta jinyarsu da horo har mafi yawansu suka rayu, wasu ma aka ba iyalai suka riƙe a gidajensu.