Me ake nufi da "kwararowar hamada"?

Da zarar damina ta yi gardama ko ƙura ta turnuƙe sararin sama, sai kalmar ta cika gidajen rediyo. Ranar 17 ga watan Yuni kuwa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin wannan matsala, kowane mai muƙami da jawabinsa, kuma duk kanwar ja ce: wai Sahara ta taso tana cin ƙasa, sai an tare ta da katangar itatuwa. Mai sauraro sai ya ɗauka tudun yashi ne ke tafiya yana binne gonaki.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da kwararowar hamada da aka amince da ita a birnin Paris a 1994 ba haka ta ce ba. Abin da ta kira da wannan suna shi ne lalacewar ƙasa a yankuna masu ƙarancin ruwa, ko saboda sauyin yanayi ko saboda aikin ɗan Adam. Akwai ma'auni: a raba ruwan saman da ke sauka a shekara da adadin ruwan da rana da iska za su iya busarwa. Inda sakamakon ya faɗa tsakanin 0.05 da 0.65, nan ne ake maganar kwararowar hamada. Abin da ya gaza 0.05 hamada ce ta asali, kuma ba ta cikin lissafin. Ita hamada ba cuta ba ce, muhalli ne mai nasa tsirrai da dabbobi da suka saba da ruwan da bai kai milimita 250 a shekara ba. Ba ma dole ta yi zafi ba, domin tsakiyar Antaktika, nahiyar ƙanƙara, hamada ce.

Hotunan tauraron ɗan Adam na shekarun 1980 sun nuna cewa iyakar ciyayi a kudancin Sahara ta yi kudu lokacin da aka yi fari a 1984, ta kuma koma arewa da ruwa ya dawo. Wannan kai da kawo fari ne. Fari yana wucewa, irin ciyawa yana nan kwance cikin ƙasa yana jira. Kwararowar hamada ita ce a yi ruwa, ƙasar ta ƙi farfaɗowa.

A nan ne masu jawabi ke ɓata, domin tsiro bai san abin da ma'aunin ruwan sama ya nuna ba, abin da ya isa saiwarsa kawai ya sani. Milimita 1 na ruwa lita 1 ce a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. A ɗauki filaye biyu maƙwabta, kowanne ya samu milimita 500 a shekara, lita miliyan 5 ke nan a hekta. Na farko yana da ciyawa da ruɓaɓɓen ganye, gara ta huda shi ko'ina, ruwa na sauka yana nutsewa. Na biyu an ƙone shi, an yi kiwo har ƙasa ta fito tsirara. Ɗigon ruwa yana dukan ƙasar kai tsaye, ya wargaza dunƙulenta, laka mai laushi ta toshe ƙofofin, rana ta gasa. Ɓawon da ya samu ba shi da wani kauri, amma ya isa ya hana ruwa shiga. Wannan shi ne fako. In aka ƙaddara kashi 40 cikin ɗari ya gangare, filin yana rayuwa ne a kan milimita 300, alhali gajimare ɗaya ne ya shayar da su duka. Ruwan da ya gudu kuma ba ya tafiya haka kawai, yana kwashe ƙasar sama ya bar kwazazzabo.

Tsirrai ne ke fara tona asiri. Ciyawa mai daɗewa irin gamba takan ɓace, ƙarangiya da tumfafiya su maye gurbinta. Manyan itatuwa masu doguwar saiwa, kamar gawo, suna nan tsaye shar, sai a yi zaton lafiya lau, amma a duba ƙarƙashinsu babu ƙanana masu tasowa. Dabbobi na biye. Gaiwa tana iya kwana watanni cikin busasshiyar laka ta jira damina, kwaɗi ma suna da irin tasu dabarar, amma idan yashi ya cike tafkin har ruwa ya daina kwanciya na tsawon da 'ya'yan kwaɗi za su girma, zuriyar ta yanke a wurin, tsuntsayen da ke cin su kuma su ƙaura.

Shi ya sa lalacewar takan fara daga ciki, tabo-tabo, nesa da kowane tudun yashi: kewayen rijiyar burtsatse inda garke ke taruwa kullum, ko gonar rani da ake shayarwa ba magudana har gishiri ya taso ya yi fari a samanta. Mafi yawan Tekun Aral, wani babban tafki a tsakiyar Asiya, ya ƙafe ne saboda an karkatar da kogunan da ke ciyar da shi zuwa gonakin auduga, ba wata hamada da ta kawo masa hari.

Dashen itace yana da amfani, amma dasa shi a kan fako asarar dashe ce, balle bishiyar turare mai zuƙar ruwa. Sai an fara fasa ɓawon. Ana haƙa ƙananan ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 10 zuwa 15, a tara ƙasar a gefen gangara, a zuba taki tun da rani domin gara ta zo ta buɗe hanyoyi. A fili mai gangara a haƙa rami mai siffar rabin wata, bakinsa na kallon inda ruwa ke fitowa. Kututturen da ke tohowa da kansa a rage masa rassa, a bar masu ƙarfi kaɗan, a kuma kange dabbobi har rassan su fi ƙarfin bakin akuya.