Waiwaye: Abin da baƙo zai tarar a coci a Zariya, da inda ya samo asali

Makon jiya wani abokin aikina, musulmi ne haifaffen cikin birni, ya ja ni gefe ya ce an gayyace shi sujadar godiya ta auren ɗan maƙwabcinsu ranar Lahadi, kuma shi tunda yake bai taɓa taka ƙofar coci ba, to yaya zai yi? Zai cire takalmi ne, a ina zai zauna, za a tilasta masa cin wani abu ne? Na ce masa Malam kwantar da hankalinka, amma da na fara yi masa bayani sai na ga kusan duk abin da zai gani a wurin akwai tarihi a bayansa, kuma tarihin nan na garin nan ne, namu ne ni da shi.

Abu na farko da zai ba shi mamaki shi ne harshe. In sujadar Hausa ya shiga, Allah zai ji ana kira, Ubangiji, Almasihu, Zabura, annabi Ishaya, mala'iku, tuba, gafara, alheri, har amin ɗin ma iri ɗaya ne. Mu ba ma cewa "sabis" sai in an ga dama, sujada muke cewa, ginin kuma majami'a, jama'ar ikilisiya. Wannan ya samo asali ne tun 1900, lokacin da tawagar mishan ta CMS, wato 'yan mishan na cocin Angilika daga Ingila, ƙarƙashin Bishop Tugwell ta je Kano, Sarki Alu bai karɓe su ba, suka dawo suka yada zango a Girku, ƙasar Zazzau. A cikinsu akwai wani likita ɗan Ingila, Walter Miller, wanda kakanninmu ke kira Likita Mila. A 1905 ya shigo cikin birnin Zariya zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya zauna a Durumin Maigarke yana ba da magani yana koyar da yara, kuma mutumin nan ya ji Hausa sosai, shi ne ƙashin bayan aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito cikakke a 1932. To a bakin mutanen Zazzau ya tsinci kalmomin, shi ya sa har yau in ana karatu a majami'a sai ka ji kamar wani dattijo ne ke magana a zaure.

Akwai kuma labarin Isawa da mutane da yawa ba su sani ba, kuma ni yana taɓa min zuciya. Almajiran wani Malam Ibrahim ne na Kano, wanda tun a ƙarni na 19, kafin zuwan Turawa, yake ba annabi Isa matsayi na musamman a karatunsa, aka kashe shi a kan haka, mabiyansa suka watsu, wasu suka yi Ningi. Wajen 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemo Likita Mila, aka kafa musu gari a Gimi, sai ciwon barci ya shiga garin ya yi musu mummunar ɓarna. Waɗanda suka rage suna cikin tushen kiristocin Hausa na nan. A 1929 mishan ta tashi daga cikin ganuwa ta koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena, aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, da bakan gizo irin salon ginin Hausa da ake gani a tsohon masallacin Juma'a na birni wanda Babban Gwani ya gina. Ga asibitin St. Luke, ga makaranta. A wannan ɗan ƙauyen Dokta R.A.B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, haka Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci ABU daga 1966 zuwa 1975 shi ma ɗan wannan tushen ne. Saboda haka na ce wa abokina, in ka ga dattijo da babbar riga da hula ƙube yana riƙe da Littafi, kar ka ɗauka shi ma baƙo ne irinka, wataƙila kakansa a nan aka yi masa baftisma.

Amma fa cocin Zariya ba kala ɗaya ba ne. Da jirgin ƙasa ya iso wajen 1911 Sabon Gari ya cika da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu, kowa ya zo da cocinsa da yarensa, ga Angilika ga Katolika ga Baptis ga Methodis. Daga baya mutanen kudancin Kaduna da Filato suka ƙaru da ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, su ma Hausa ce ta haɗa su a sujada duk da kowa na da nasa yaren. Sannan daga shekarun 1970 zumuntar ɗalibai a jami'o'i ta haifar da cocin Fentikos, masu jita da kibod da lasifika da addu'a da ƙarfi kowa na yin tasa lokaci ɗaya. Shi ya sa tambayar farko da na yi masa ita ce wane coci ne, kuma sujadar Hausa ce ko ta Turanci, don yawanci lokacinsu daban.

Yanzu ga ƙofa. Kafin ka shiga za ka tarar da samari, galibi 'yan Boys' Brigade, wato ƙungiyar samarin coci masu yunifom, ko masu gadin da ikilisiya ta zaɓa, su ɗan shafa maka na'ura a jiki, su leƙa jaka, mota kuma a ce ka ajiye ta can nesa. Don Allah kar ranka ya ɓaci, ba don sun ga kamanninka ba ne, ni ma da aka haifa a ciki ana duba ni. Lokacin da muke yara babu wannan, ƙofa a buɗe take. A Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya aka ƙona majami'u da yawa, sannan ranar 17 ga Yuni 2012 aka kai harin bam ana cikin sujada a cocin Katolika na Christ the King a Sabon Gari da kuma ECWA a Wusasa, aka rasa rayuka. Tun daga nan ƙofa ta canza. Ina faɗin wannan ne da ciwo a raina, don na san iyayen da har yau in mashin ya yi ƙara a waje ana wa'azi sai ka ga sun waiga.

Takalmi ba a cirewa, sai a cocin masu fararen kaya irin su Kerubim da Serafim. Babu alwala. Usha, wato mai tarbar jama'a a ƙofa, zai miƙo maka hannu ya nuna maka benci, kuma a sujadar Hausa da yawa maza gefe guda ne mata gefe guda, matan da ɗankwalinsu. Maza kan cire hula lokacin addu'a, kai dai ka dubi na kusa da kai. In jama'a sun tashi ka tashi, in sun zauna ka zauna, in sun durƙusa kai kana iya zamanka babu mai cewa komai. A Angilika da Katolika akwai tsari na amsa-amsa daga littafin addu'a, limami ya faɗa jama'a su amsa, ba dole ka bi ba.

Wurin da nake so ya buɗe kunne sosai shi ne in an ce Zumuntar Mata su fito. Za su taso da zanensu iri ɗaya, wata mama ta zauna ta kafa tulu a gabanta tana buga bakinsa da wani faifan soso, dum dum dum har cikin ƙirjinka, wata da kacau-kacau, wata ta ɗaga waƙa sauran su amsa suna ɗan rausaya a hankali. Mishan da waƙoƙin Turai suka zo da aka juya Hausa, suna nan cikin Littafin Waƙoƙi muna rera su har yau, amma matan nan su suka shigo da muryar gida cikin sujada, kuma ayoyi da yawa da na haddace a bakinsu na fara ji, ba a makarantar Lahadi ba.

Sai karatu daga Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, sai wa'azi, wanda kan kai minti talatin ko fiye ya danganta da faston. Sai baiko, wato kuɗin da jama'a ke bayarwa don Allah, wani wuri a zagayo da 'yar jaka wani wuri a taka rawa zuwa gaba, kuma tunda sujadar godiya ce za a kira ango da amarya, dangi da abokan arziki su bi su a baya da waƙa. In kana so ka bi su ka jefa abin da ya sawwaƙa, in ba ka so ka yi zamanka. Jibin Ubangiji kuwa, wato gurasa da ƙoƙon nan da ya tambaye ni a kai, na waɗanda aka yi wa baftisma ne, a Katolika ma sai ɗan Katolika, don haka ba wanda zai miƙo maka, balle a tilasta maka.

Lokacin sanarwa sakatare zai ce baƙin da ke tare da mu yau su miƙe. Nan ne mutane ke jin kunya, amma ba komai ba ne, ka miƙe kawai, za a tafa a yi maka waƙar maraba, na kusa da kai su ba ka hannu. Ka ware kamar awa biyu zuwa uku. In limami ya sa albarka aka fito, kar ka yi saurin neman mashin, don a harabar nan ake ainihin gaisuwa, kuma na tabbata sai wata tsohuwa ta riƙe hannunka ta ce sannu ɗana, ɗan gidan wa ne a birni? Na ce masa ka faɗa mata sunan unguwarku da na kakanka, akwai yiwuwar ta san gidan.