Gida a Gindin Dutse: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sayen Muhalli a Sabbin Unguwannin Abuja

Duk wanda ya bi dillalai neman gida a gefen Abuja ya san wannan waƙar: "Alhaji, duba bayan gidan nan, daji ne na gwamnati, babu mai gina maka komai har abada." A Dawaki, Katampe, Guzape, Ushafa da Lugbe, dutse da kurmi da rafi sun zama hajar da ake ɗora wa kuɗi. Sai dai korayen itatuwan da ke ƙara wa gida daraja su ne kuma kan jawo masa katafila. Ga tambayoyin da masu niyyar saye suka fi yi.

Wane daji ne na gwamnati a cikin birni kamar Abuja?

Abuja ba ta tsiro da kanta kamar Kano ko Zariya ba, a takarda aka fara haifar ta. Doka mai lamba 6 ta shekarar 1976 ce ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, aka kammala babbar taswirar birnin a 1979, gwamnati kuma ta taso daga Legas a watan Disambar 1991. Masu zanen sun bar wurare da gangan ba gini: kawunan duwatsu da gangarensu, bakin rafuka, kwazazzabai, wuraren shaƙatawa, da zirin fili a gefen manyan tituna. Su ne ma'aikata da dillalai ke ce wa girin-eriya. Akwai kuma kewayen madatsar ruwa ta Usuma da ke wajen Ushafa a ƙaramar hukumar Bwari, inda famfunan birnin ke samun ruwa.

Ba don ado kaɗai aka bar su ba. Gangaren dutse mai ciyawa da itatuwa yana shanye ruwan sama, yana rage masa gudu. Bakin rafi kuwa hanyar ruwa ce, wadda yake bari da rani ya dawo ya karɓi abarsa da damina.

To mene ne aibin zama kusa da irin wannan wuri?

Kusa babu aibi. Iska ta fi sanyi, hayaniya ta ragu, yara na jin kukan tsuntsu maimakon na janareta. Matsalar ita ce tsakanin "kusa da" da "a cikin" wani lokaci taku ashirin ne kacal, kuma ido ba ya ganin iyakar. Babu shinge, babu allo. Mai gina rukunin gidaje zai iya samun fili na halal, ya gina gida hamsin daidai, sannan kwaɗayi ya sa ya ƙara layi biyu a bakin rafi. Fenti ɗaya, ƙofa ɗaya, mai gadi ɗaya. Kuma abin haushi, layin nan na ƙarshe shi ya fi kyan kallo, shi ake fara nuna wa baƙo.

Ranar da ma'aikatan sashen kula da gine-gine suka zo da jan fenti, wannan layin suke yi wa alama. Mazauna Abuja ba su manta rusau na zamanin Nasir El-Rufai ba, lokacin da yake ministan birnin daga 2003 zuwa 2007, da sunan maido da taswirar asali. Tun zuwan Nyesom Wike kan wannan kujera a watan Agustan 2023 ma katafila ba ta huta ba.

Yaya zan gane ko gidan na cikin filin da aka hana gini?

Nan ne ya kamata mutum ya kashe lokacinsa da kuɗinsa, kafin ya ba da ko da kafin alƙalami.

Da farko ka nemi kwafin takardar filin, ka sa lauyanka ya nemi bincike a AGIS, hukumar da aka kafa a 2003 don adana bayanan filayen Abuja a kwamfuta. Lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ba kuma wanda dillali ya ce "akwai wani yaronmu" ba. Sakamakon zai nuna sunan wanda aka ba filin, girmansa, abin da aka yarda a yi a kansa, da ko an jinginar da shi a banki ko an soke shi.

Amma takarda na iya zama ta gaskiya, gidan kuma ba a kanta yake zaune ba. Wannan ita ce damfarar da ta fi cin masu ilimi, domin sun ga hatimi sun saki jiki. Maganinta safiyo mai rajista, wato ƙwararren mai awon fili. Ya zo da na'urarsa ya tsaya a kusurwoyi huɗu na gidan, ya ɗauki lambobin wurin, a ɗora su a kan taswirar hukuma. Idan gidan ya faɗa cikin fulotin da takarda ta ambata, madalla. Idan ya zarce ya hau hanyar ruwa ko filin itatuwa, ka tattara babbar rigarka ka kama gabanka, ko da an rage maka rabin kuɗi.

Sai abu na uku da mutane ke mantawa: izinin gini. Mallakar fili daban, amincewa da zanen gini daban. Ka nemi zanen rukunin da hukuma ta buga wa hatimi, ka ƙirga gidajen da ke ciki, ka fita ka ƙirga na ƙasa. In na ƙasa sun fi yawa, ka tambayi wanne ne ƙari.

An nuna mini takardar sarkin gari da ta ƙaramar hukuma. Ba su isa ba?

A Abuja ba su isa ba. Wanda ya saba da awon igiya a Kano, inda mai unguwa da shaidu ke sa hannu a zauna lafiya shekara da shekaru, yakan zo da wannan tunanin ya ƙone. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, amma ƙasar Abuja gaba ɗaya ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma kotuna, har da Kotun Ƙoli, sun tabbatar cewa ministan birnin ne ke da ikon ba da fili. Sarakunan Gbagyi da sauran ƴan asalin yankin mutanen kirki ne da ya kamata sabon maƙwabci ya je ya gaishe su, kuma kukansu kan diyyar gonakin kakanninsu kuka ne mai tushe. Amma sa hannunsu ba ya tsayar da katafila. Takardun da ƙananan hukumomi irin su Bwari da Kuje da Gwagwalada suka raba a baya kuwa, sai an kai su an tantance kafin su zama abin dogaro, kuma da yawa suna nan a layi.

Idan gwamnati ta rushe, ai za ta biya diyya ko?

Idan filinka na halal ne aka karɓe shi don amfanin jama'a, doka ta tanadi diyya a kan abin da ka gina. Idan a wurin da aka hana gini kake, babu ko sisi. Abin da ya rage shi ne ka bi wanda ya sayar maka zuwa kotu, in har ka same shi.

Dillali ya rantse babu mai gini a bayana. In yarda?

Rantsuwarsa ba ta ɗaure minista. Wannan shi ne ɗaya gefen matsalar, kuma ba a cika faɗar sa ba. Kamar yadda talaka ke cin gefen daji da bulo, haka manya ke cin sa da takarda. Mazauna birnin sun ga wuraren da aka ware don itatuwa sun rikiɗe sun zama wurin shan iska mai rumfar kifi, daga nan zauren biki, daga nan bene. Saboda haka in za ka ƙara miliyoyi don kallon kurmi ta taga, ka sani abin da ka ƙara wa kuɗi ba naka ba ne.

A ganina dutse ya fi kurmi riƙon amana, domin fasa shi da tsada. Ko da yake wanda ya ga yadda aka sassaƙe duwatsun Guzape da Katampe aka dasa musu benaye zai ce ko wannan ma da sauƙi-sauƙi.

Wane lokaci ya fi dacewa a je duba gida?

Agusta ko Satumba, washegarin ruwa mai ƙarfi. Gidan da aka gani a watan Janairu amarya ce da kwalliya. Rafin da ka tsallaka da takalminka lokacin hunturu shi ne zai shigo falo da damina. A watan Yunin 2023 ambaliya ta shanye gidaje sama da 100 a rukunin Trademore da ke Lugbe, har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, kuma ba wannan ne karo na farko ba. Lokogoma ma ta sha irin wannan.

In ba za ka iya jiran damina ba, gini ba ya ƙarya. Ka duba gindin katanga ko akwai layin laka ko gansakuka. Ka duba ko sabon fenti ya tsaya daidai gwiwa. Ka leƙa kwalbati ka ga faɗinta, ka bi lambatu da ƙafa ka ga inda take zubarwa. Sannan ka bar dillali a mota, ka sayi ruwa a wurin mai shago, ka tambaye shi yadda damina ta bara ta kasance. Mai shayi da ɗan acaba ba su da la'ada a cinikin.

Wanda ke gindin dutse kuma ya tambayi ko ana fasa dutse a kusa. Mpape cike take da masu wannan sana'a, ga ƙara, ga ƙura, ga tsagewar bango. A watan Satumbar 2018 ƙasa ta yi motsi a yankin, har hukuma ta dakatar da fasa duwatsu na wani lokaci.

Batun tsaro fa?

Ba a ɓoye shi. Daji hanya ce, kuma ba mutanen kirki kaɗai ke bin ta ba. A watan Janairun 2024 sace-sacen mutane a yankin Bwari da Dutse sun girgiza birnin, an shiga har cikin gidaje an tafi da iyalai. Dazuzzukan wannan ɓangaren suna haɗewa da na jihohin Kaduna da Neja. Wannan bai sa a ce kowace unguwa mai itatuwa tarko ce ba. Tsibirin kurmi a tsakiyar Maitama daban yake da dajin da ba a ganin ƙarshensa. Ka tambayi ina dajin ya ɓulle, ina ofishin ƴan sanda mafi kusa, gidaje nawa ne ke da mutane a ciki da daddare. Rukunin da aka sayar da gida ɗari amma goma ne ke kunna fitila, kango ne mai ƙofa.

Maciji da kunama da sauro da gobarar daji lokacin hunturu kuwa, maƙwabta ne da aka tarar. A share ciyawar bayan katanga kafin ta bushe, a sa raga a taga.

Wane kuɗi ne ke biyo baya wanda ba a faɗa ranar ciniki?

Sabuwar unguwa takan riga gwamnati isa wurin. Titi, taransifoma, rijiyar burtsatse, albashin masu gadi, kwashe shara, duk mazauna ne ke karo-karo, kuma burtsatse a kan dutse ba kullum take ba da ruwa ba. Ka nemi a rubuta maka kuɗin hidima na shekara da wanda ke da ikon ƙara shi.

Ga kuma la'adar dillali, kuɗin lauya, da kuɗin neman amincewar minista kafin mallaka ta koma sunanka, wanda doka ta wajabta. Sai kuɗin ƙasa na shekara-shekara, domin takardar C of O, wato shaidar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa, aro ce na shekara 99, ba kyauta ba. Mutane sun daɗe suna raina wannan kuɗin, har sai da hukumar birnin ta sanar da soke takardun filaye 4,794 a watan Maris na 2025 saboda bashinsa. A rukunin gidaje kuma sau da yawa babbar takarda ɗaya ce a hannun kamfani, mai saye takardar rabo kawai yake riƙe da ita. Ka tambaya tun wuri: yaushe, kuma ta wace hanya, zan samu takarda da sunana? In kamfanin ya jinginar da babbar takardar a banki, gidanka na cikin jinginar ko ka sani ko ba ka sani ba.

In na tare, zan iya ɗan ja katanga baya in yi lambu, tunda filin ba na kowa ba ne?

Haka kowa ke farawa. Yau ayaba da zogale, gobe kejin kaji, jibi ɗakin mai gadi, maƙwabci ya gani shi ma ya ja tasa. Bayan damina uku rafin ya matse, ruwan da ya rasa hanya ya gangara gidajen da ke ƙasa da ku, su kuma su kai ƙara. Ma'aikata in sun zo ba sa tambayar wa ya fara, layin gaba ɗaya suke shafa wa fenti. In kana son inuwa a bayan gida, ka dasa itace a wajen katanga ka riƙa ba shi ruwa, katangar kuma ka bar ta inda safiyo ya kafa dutsensa.