Sauka Wurin 'Yan'uwa Kafin Fara Karatun Harshe a Ƙasar Waje: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibin da ya samu gurbin koyon harshe a wata ƙasa yakan so ya riga ranar buɗe makaranta isa, ya sauka gidan kawu ko gwaggo ko yayansa na 'yan kwanaki. Dabara ce mai kyau. Sai dai a waɗannan kwanakin ne ake tafka kurakuran takardu masu wuyar gyara, shi ya sa muka fara da su.

Kwana nawa kafin fara karatu zan iya shiga ƙasar?

Bizarka ce take da wannan hukunci, komai ɗokin da 'yan'uwa suke yi na ganinka. A Amurka, mai bizar ɗalibi ta F-1 ba ya shiga sai ya rage kwana 30 ko ƙasa da haka kafin ranar fara karatu da ke rubuce a takardarsa ta I-20, wadda makaranta take ba shi. Wanda ya zo kafin nan ana iya juyo da shi daga filin jirgi.

A ƙasashen Turai na yankin Shengen, wato waɗanda biza ɗaya take shigar da mutum dukkansu, lissafin ya fi ɗaure kai. Gajeriyar biza tana ba da kwana 90 a cikin kwana 180, kuma ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. Kwas na mako 12 kwana 84 ne. Idan ka yi kwana goma wurin gwaggonka a Faransa kafin ka wuce makaranta a Jamus, ka riga ka zarce da kwana huɗu, domin ƙasashen biyu lissafinsu ɗaya ne. Ka zauna da kalanda ka ƙirga kafin ka yanki tikiti.

Zan iya shiga da bizar ziyara, in mayar da ita ta karatu daga baya?

Kada ka ɗora shirinka a kan haka. A Jamus galibi sai ka koma ƙasarka ka nemi biza ta dogon zama. A Amurka ana iya neman canjin matsayi, amma ba ka da izinin shiga aji sai an amince, kuma hakan yakan ɗauki watanni.

Me zan riƙe a hannu idan na iso gaban jami'in shige da fice?

Fasfo, takardar samun gurbi, shaidar kuɗin da za ka ciyar da kanka, takardar inshorar lafiya, da adireshi da lambar wayar wanda za ka sauka wurinsa. A rubuce a takarda, don waya takan mutu ko ta rasa intanet daidai lokacin da ake buƙatarta. Duk su kasance a jakar hannu. Inshorar gajeriyar bizar Shengen dole ta kai Yuro 30,000. Tsabar kuɗi daga Yuro 10,000 sai an bayyana wa kwastan a Tarayyar Turai, a Amurka kuma abin da ya haura Dala 10,000.

Idan aka tambaye ka abin da ya kawo ka, ka ce karatu, sannan ka ƙara da cewa za ka fara sauka wurin ɗan'uwa. Mai bizar ɗalibi da ya ce ziyara kawai ya zo yi ya jawo wa kansa ƙarin tambayoyi. A kula da tsaraba ma: Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga wajenta shigowa da nama da kayan madara.

Sai na yi rajistar inda nake zaune, alhali gidan dangi ne?

A wasu ƙasashe dole ne, kuma nan ne 'yan'uwa suke mantawa, saboda sun daɗe da wuce wannan mataki. A China, baƙon da ya sauka a gidan wani sai ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Otal ne kawai yake yi wa baƙinsa. A Jamus, wanda ya tare a gidan da zai zauna yana da mako biyu ya yi rajista a ofishin gari, da takardar shaida daga mai gidan. Ka tambayi ofishin ɗalibai na makarantarka tun kafin ka taso.

Idan akwatina bai fito ba fa?

Kada ka bar filin jirgi sai ka cike takardar ƙorafi a teburin kamfanin jirgin, ka karɓi lambar bibiya, ka adana ɗan tikitin kayan. Bisa yarjejeniyar Montreal ta ƙasa da ƙasa kan sufurin jiragen sama, kayan da suka wuce kwana 21 ba su zo ba ana ɗaukarsu sun ɓace, sai neman diyya.

Yaya zan yi da rikicewar barci?

Jiki yakan buƙaci kusan kwana ɗaya ga kowace awa ta bambancin lokaci, kuma tafiya gabas ta fi wahala. Ka fita ka sha rana, ka ci abinci a lokacin mutanen gidan, barcin rana kada ya wuce minti 30.

Zama da dangi ba zai hana ni fara koyon harshen ba?

Zai iya, domin a gida harshenku za a yi ta yi, kuma masaukinka zai so ya yi maka komai: ya saya maka layin waya, ya yi magana a madadinka a kanti, ya kai ka ko'ina a mota. Ƙauna ce, amma ka roƙe shi ya tsaya a gefe ka gwada da bakinka. Yaran gidan da aka haifa a can malamai ne nagari, suna maimaita kalma sau goma ba su gaji ba. Ka nemi a ware awa ɗaya kullum ana yi maka harshen ƙasar zalla.

Mafi yawan makarantu suna yin jarrabawar tantance mataki, sau da yawa a kan ma'aunin A1 (sabon shiga) zuwa C2 (ƙwararre). Idan ta intanet ce, kada kowa ya taya ka. Wanda aka taya yakan tsinci kansa a ajin da ya fi ƙarfinsa, ya yi makonni yana kallon bakin malami.

Me ya kamata in gama kafin in bar gidan?

Tun ranar da ka sauka ka faɗi ranar tafiyarka, ka kuma tambayi tsarin gidan, musamman lokacin dawowa da dare da batun makulli. Idan makarantar a garin take, ka je ta kai kaɗai a ranar aiki, a daidai lokacin da za ka riƙa fita, ka ga minti nawa hanyar take ci da inda ake sauya mota. Idan a wani gari take, ka isa ana saura kwana biyu, ka karɓi makullin ɗakinka a lokacin da ofis yake buɗe.